Sai Katakon Ya Bushe

Maɗacin da ke tsakar gidanmu ya faɗi ne da la'asar, a farkon damina, kuma duk faɗin gidan bai ga inda zai kwanta ba sai kan ɗakin Mama. Allah ya sa a lokacin tana kicin tana faɗa da matar Yaya a kan gishiri. Ba don wannan faɗan ba da wani labarin nake ba ku yanzu, shi ya sa har yau ba na kushe girkin matar Yaya, komai yawan gishirin da ta zabga.

Ko da na iso ruwa ya ɗauke. Kwanon rufin ya lotse, katakon da ke riƙe da shi ya kakkarye, wani reshe mai kaurin cinyar mutum ya huda katifar Mama ya tsaya. Ita kuwa tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, tana kallon itacen da ta yi rayuwarta kaf a ƙarƙashinsa. A gindinsa take tsintar shinkafa, a gindinsa ta yi mana aski da kitso, a gindinsa ta karɓi gaisuwar rasuwar Baba. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Ku ɗauke min shi daga kan gadona."

Gidan ba wani babba ba ne. Ɗakin Mama, sai ɗakuna biyu na Yaya da iyalinsa. Aka gwada kwantar da ita a ɗakin yara, da gari ya waye aka tsince ta cikin ɓaraguzai ba takalmi, tana share ƙusoshi da tsintsiya. Ni ce auta, kuma ɗinki nake a gida, don haka ba a ma tsaya shawara ba. Na haɗa mata kaya a jaka, na tafi da ita gidana, hawa na biyu a wani bene da ke can ɗaya ƙarshen gari, inda in ka leƙa taga ba abin da za ka gani sai tankin ruwan maƙwabta.

Tun kafin itacen ya faɗi mun san kan Mama ya fara rikicewa. Takan ɗora buta a wuta ta manta, takan ajiye jakar hannunta a firji. Amma a gidanta abin bai cika fitowa fili ba, don ƙafafunta sun san hanya ko da kanta ya manta. A gidana kuwa sai ta buɗe durowar kaya tana neman banɗaki. Likitan da na kai ta wajensa bai ɓoye min komai ba. Ya ce wannan ciwo ba ya komawa baya, abin da za mu iya yi mata shi ne mu mayar da ita inda ta saba, tun tana gane wurin, kuma kada mu yi wasa da lokaci.

Na je na faɗa wa Yaya. Faɗa wa Yaya magana kuwa aiki ne, domin sana'arsa yankan katako da injin zarto, tun yana saurayi, kuma injin ya cinye masa kunnuwa. Sai ka tsaya a gabansa, ka ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke tsallaken titi. Na ce masa mu je kasuwa mu sayi katako, a kira kafinta, a rufe ɗakin nan cikin mako guda.

Ya dube ni kamar na zage shi.

"Katakon kasuwa? A kan Mama?"

"Eh, a kan Mama! Kowa da shi yake rufi!"

"Auta, ni na san abin da ake kaiwa kasuwa, ni nake yanka musu. Itace ne fari mai laushi, gara ta fi son sa a kan komai. Duk rayuwata ina yanka wa mutane katako, sai uwata ce za ta kwana ƙarƙashin na wani?" Ya nuna gungumen da ke kwance ya raba tsakar gidan biyu. "Wanda ya karya rufin shi zai mayar da shi. Wannan ko jikokinki ba za su ga lalacewarsa ba."

Ni ba jikokina ne suka dame ni ba. Gaskiya ma maganar ta ɗan shige ni. Na ga kamar abu ne mai kyau, a ce itacen Mama ne zai rufe Mama.

Yaron aikinsa ya daɗe da barinsa ya koma tuƙa babur, don haka ni aka maƙala wa aikin. Nakan bar Mama wajen maigidana ranar da ba ya zuwa aiki, in ɗaure zani tamau in zo. Ashe ban taɓa sanin abin da Yaya yake yi ba. Ni dai na san yana fita da safe ya dawo da yamma jikinsa duk gari, yana warin fetur.

Sai da ya fara sare rassan ya yanka gungumen gida uku, kowane ya fi tsayin ɗakin. Sannan ya ɗauko tsanin ƙarfe ya kwantar a bayan guda, ya ɗaure shi da ƙusoshi, ya ɗora ƙarfen awo mai ɗigon ruwa a ciki. Ya cusa ɗan itace nan, ya zare wani can, ya tsuguna ya kanne ido ɗaya, ya sake tashi. Hantsi ya yi, rana ta take, ko tayar da injin bai yi ba.

"Yaya, yau kuwa za a fara?"

"Yankan farko shi ne aikin," in ji shi. "In ya karkace, duk na ƙasansa sun karkace. Kowane falanki bin na samansa yake."

Injin nasa a ɗaure yake cikin wani firam na ƙarfe da ya haɗa da kansa, wanda ke zamewa a kan tsanin ya hana zarton hawa ko sauka. Da ya ja igiya injin ya tashi, sai na ji ƙarar har cikin haƙorana. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa ya fara turawa, a hankali, a hankali, har sai ka zuba ido sosai kafin ka yarda gaba yake yi. Garin katako na fita ja-ja, mai laushi, yana shiga hanci da ido da cikin ɗankwali. Aikina shi ne in bi bayansa ina buga weji, wato guntun itace mai tsinin baki, a bakin yankan, kada nauyin saman ya danne sarƙar zarton. In na makara ya juyo ya harare ni, in na yi gaggawa ya sake harara. Kafin mu kai ƙarshen gungumen mai ya ƙare, ya zuba wani, muka ci gaba.

Da muka ture bayan itacen gefe, na tsaya ina kallo. Cikin maɗacin jajir yake, da jijiyoyi suna tafiya kamar ruwa, ɗanye sharaf, in ka dafa sai tafinka ya jiƙe. Ga wani ƙamshi mai ɗaci-ɗaci da ya cika gidan. Yaya ya shafa shi da hannu, yana murmushi shi kaɗai.

A falanki na uku ne injin ya yi wata irin ƙara, tartsatsi ya tashi. Ni da ke da kunne sai da na firgita, shi kuwa a hannunsa ya ji, ya kashe nan take. Ya sa kurfi, ƙarfen sassaƙa mai kaifin baki, ya tono wurin, sai ga wata ƙugiyar ƙarfe da itacen ya haɗiye tun da daɗewa, naman da ke kewaye da ita ya yi baƙi. Ƙugiyar igiyar shanyar Mama ce, wadda Baba ya kafa mata tun ban san kaina ba. Ta ci haƙoran sarƙar kusan rabi.

"Shi ya sa ba ma yanka itacen gida," in ji Yaya. "Ba ka san abin da mutanen gidan suka buga masa ba."

Ya zauna a kan gungumen da magagari, yana wasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, har rana ta yi sanyi. Bayan wannan mun ci karo da ƙusoshi ban san iyaka ba, da wani guntun waya, har da murfin kwalba da wani ja'iri ya cusa a kogo, kuma ina kyautata zaton shi ne ja'irin. Duk sanda ya ga baƙin tabo a jikin itacen sai ya tsaya ya tona. Hannayensa kan yi ta rawa bayan ya kashe injin, har ba ya iya riƙe kofin shayi sai da hannu biyu.

Ranar farko da na koma gida, ban ko cire ɗankwali ba na shiga duba Mama. Tana zaune a bakin gado ta juya wa taga baya. Na sunkuya zan gyara mata filo, sai ta kama hannun rigata ta kai hanci.

"Kin je gida," ta ce.

"Na je, Mama."

"Maɗacin nan ne. Ki ce wa yayanki ya rage masa reshen da ke kan ɗakina, na sha faɗa masa." Ta kakkaɓe min garin da ke kafaɗata, ta murza shi a yatsunta. Ranar ta kira ni da sunana, ta tambayi yaran Yaya ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake kowa ba, har ta yi min faɗan na rame. Daga nan kullum in na dawo ba na wanka sai na fara shiga wajenta. Har ƙulla garin nake a leda in kawo mata.

Da muka gama yanka, katako ya taru jibgi guda, masu kauri na ɗaukar rufi da sirara na ɗora kwano. Na ce alhamdu lillahi, gobe sai kafinta. Yaya bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Ya jera bulo a gindin katanga, ya daidaita su da ƙarfen awon nan nasa, ya fara ɗora katakon sahu-sahu. Tsakanin kowane sahu da na samansa yana jera 'yan siraran sanduna, kowace daidai kan ta ƙasanta, don iska ta ratsa. Ya shafe bakunan da fenti kada su tsage. Ya ɗora tsohon kwano a sama, ya danne da duwatsu. Ya ja da baya yana kallon abinsa.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Shanya."

"Har yaushe?"

"Sai ya bushe."

"Na ji. Yaushe zai bushe?"

"Wannan kaurin? Ya ƙarasa daminar nan, ya ci rani. Kafin ruwan baɗi, in Allah ya so."

Ban san sanda na jefar da gudumar da ke hannuna ba. Na ce masa Mama ba ta da baɗi. Na ce masa abin da likita ya faɗa, na sake faɗa, da ƙarfi, har matar Yaya ta fito ta tura yara ɗaki. Shi kuwa bai ɗaga murya fiye da yadda ya saba ba. Ya zaga bayan kicin ya ɗauko wani guntun falanki da ya yar a rana tun ranar farko, ya ajiye a gabana. Ya murɗe, ya bankare, gefe ɗaya ya tsage har tsakiya.

"Haka zai yi a saman ɗaki," ya ce. "Zai zare ƙusa, ya ɗaga kwano. Na ga rufin da aka yi da ɗanyen katako ya sauko kan mutane. Rufi ya faɗo mata sau ɗaya, Auta. Ba zai faɗo na biyu daga hannuna ba."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba ƙarya yake ba. A kan katako Yaya bai taɓa yin kuskure ba. Da ma a ce shirme yake, da na san yadda zan yi da shi.

Ban haƙura ba. Bayan 'yan makonni na haɗa baki da wani kafinta, muka sayo katakon kasuwa aka kawo a amalanke, da niyyar a yi rufi na wucin gadi, in nasa ya bushe a canza. Yaya ya dawo ya tarar ana saukewa. Ya ɗauki guda, ya danna farcen babban yatsansa, farcen ya shige. Ya juya shi ya nuna wa kafintan 'yan ramukan ƙwari. Kafintan, da yake shi ma a wajen Yaya yake sayen na kirki, sai ya hau sosa ƙeya yana cewa ai shi ma dama bai so ba, Hajiya ce ta matsa. Amalanken ya koma da kayansa. Maigidana ya ce in bar maganar haka, yayana ne, shi ke zaune a gidan, kada mu ɓata zumunci a kan katako. Na ce masa ba a kan katako ba ne, amma shi ma kamar kunnen nasa ya fara tafiya.

Kowace safiya in na kai wa Mama shayi, tambayarta ɗaya ce.

"An gama rufin?"

"Saura kaɗan, Mama."

Na rantse a raina ba zan taɓa maimaita mata maganar Yaya ba. Sai ya bushe, sai ya bushe. Na tsani kalmar nan har in na shanya wanki ba na son a tambaye ni ko ya bushe.

Damina ta wuce. Garin katakon da ke cikin leda ya daina ƙamshi, na je na ɗebo wani a gindin katanga, shi ma ruwa ya wanke shi ya zama ƙasa. Mama ta fara tashi tsakar rana ta ɗauki jakarta ta tsaya a bakin ƙofa, wai tana jiran mota. Sai da na sa wa ƙofar sakata ta sama, inda hannunta ba ya kai. Na rage karɓar ɗinki, don ba na iya zama a kan keke minti goma ban tashi na leƙa ta ba. Wata rana ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ke 'yar wace ce a nan?" Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana, na fito na ɗora mata ruwan wanka.

Yaya yana zuwa duk mako, ba ya fashi, da ledar lemo a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Muryar Mama ta yi ƙasa sosai a lokacin, shi kuma ba ya ji. Sai ta yi ta magana, tana ba shi labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haife shi kamar jiya ta rabu da su, shi kuwa yana gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne, Mama. Ƙwarai kuwa." In zai tafi ya ce min, "Ai jikin da sauƙi, kin ga yadda take hira." In na ce masa ba ta san wanda take yi wa hirar ba, sai ya ce gajiya ce ta sa nake ganin haka, da ta koma ɗakinta shi ke nan. Daga nan ya shiga ba ni labarin katako. Ya juya sahun, na ƙasa ya koma sama. Ya ƙwanƙwasa, sautin ya fara tashi. Ya ɗaga guda, nauyin ya ragu amma da saura.

Ban san ranar da Mama ta daina tambayar rufin ba. Na dai farga wata safiya cewa na ajiye shayi na fito ba ta ce komai ba, kuma jiya ma haka, shekaranjiya ma haka. Da fari har na ji sanyi a raina, na huta da yin ƙarya. Sai daga baya na gane abin da shirun yake nufi.

Shi kuwa Yaya bai zauna ba. Da ya ga jiran ya yi tsawo, sai ya shiga gyaran gida don ranar dawowarta. Ya sa aka ɗinke tsagar bango aka yi fenti. Kututturen maɗacin da saiwoyinsa da suka ɓalle ƙasa suka yi tudu, ya ce tsohuwa za ta yi tuntuɓe da su. Ya yi ta tono da sara shi kaɗai har ya fitar da su kaf, ya cike ramin, ya shafe tsakar gidan da siminti sumul. Ranar da na je na gani, na tsaya a zaure na rasa inda zan kalla. Rana ta cika gidan fal, ba inuwa ko ta tafin hannu. Na ce, "Yaya, ko kututturen ba ka bari ba?" Ya ce, "Ko da sanda za ta iya yawo yanzu, ba abin da zai kama mata ƙafa."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da ya kira ni a waya. Yaya in yana waya unguwa guda ke ji.

"Auta! Ya bushe!"

Cikin 'yan kwanaki aka yi rufin. Ya tsaya a kan kafintan kamar mai gadin fursuna, kowace ƙusa sai da ya huda mata rami tukuna, don katakon ya yi taurin da ƙusa ke lanƙwashewa. Ya hana a sa silin. Ya goge katakon ya shafa masa mai, ya ce a bar shi a fili ta riƙa gani in ta kwanta. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin rufi mai kyan wannan ba. Kowane katako miƙe sak, ja mai duhu, yana sheƙi. Matar Yaya ta mayar da gadon inda yake, da sabuwar katifa, da akwatunanta, da carbinta a ƙusar da ta saba rataye shi.

Da hantsi muka kawo ta a motar maigidana. Na sa mata atamfar da ta fi so. Yaya ya yi wanka ya sa fararen kaya, yaransa sun yi layi a zaure. Na riƙo hannunta muka shiga. A bakin tsakar gida ta tsaya, ta kare ido da hannu saboda hasken da simintin ke mayarwa. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta ɗaga kai sama inda babu komai sai sarari. Sannan ta yi sallama, a hankali, irin ta baƙuwar da ba ta tabbata an san da zuwanta ba.

Muka kai ta ɗakin. Ta cire takalmi a bakin ƙofa ta jera su, ta zauna a ƙarshen gado, a ɗofane, jakarta a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Matar Yaya ta kawo ruwa, ta karɓa ta ce an gode, Allah ya yi albarka, ta ajiye ba ta sha ba.

Yaya ya durƙusa a gabanta, fuskarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa. Ya nuna sama.

"Mama, ga ɗakinki! Dubi rufin! Maɗacinki ne, shi na yanka!"

Ta ɗan ja baya saboda ƙarfin muryar. Ta ɗaga kai ta kalli katakon, ta daɗe tana kallo.

"Ma sha Allah," ta ce. "Malam, gidanka ya yi kyau."

Na fita da sauri na je gindin katanga inda ragowar katakon yake, na ɗauko wani guntu. Na kankare shi da wuƙar kicin na kai hancina. Babu komai. Na ƙara kankarewa da ƙarfi har wuƙar ta zame ta yanke ni, na sake shinshinawa. Ƙamshin nan mai ɗaci ya tafi, ko alamarsa babu. Ya bushe sarai, kamar yadda Yaya ya so. Duk da haka na kai mata, na sa mata a hanci. Ta kawar da kai cikin ladabi ta ce ta ƙoshi.

Sai ta jawo hannuna, ta matso da bakinta kusa da kunnena, kada masu gida su ji.

"Baiwar Allah, mun gaisa ai. Ki kai ni gida kafin ruwan nan ya sauko. Gidana ba ya ɓata, akwai babban maɗaci a tsakar gidan, tun daga titi ake hango shi."

Yaya yana kallon bakinta, yana kallon nawa, har yanzu da sauran murmushi a fuskarsa.

"Me ta ce?"

Shekara guda ina tara maganganun da zan faɗa masa a rana irin wannan. Na tsara su a kan keken ɗinki, na tsara su a banɗaki da famfo a kunne. Yanzu ga ranar ta zo, na neme su na rasa. Na so in faɗa masa a hankali, yadda ake faɗin irin wannan magana, amma Yaya ba a yi masa magana a hankali. Dole na buɗe murya, a cikin ɗakin, a gaban matarsa da 'ya'yansa.

"Ta ce a kai ta gida!"

Ya ɗaga kai ya kalli rufin, ya bi katakon da ido tun daga wannan bango har wancan, kamar mai neman inda ya karkace. Babu inda ya karkace. Ya cusa hannayensa a aljihu.

Matar Yaya ta ce a bar ta ta kwana biyu, wataƙila ta tuna. Muka gwada har la'asar. Mama ba ta sauke jakar daga cinyarta ba, ba ta jingina ba, ba ta taɓa abinci ba. Can ta fara kuka mara sauti, tana tambayar laifin me ta yi aka kawo ta gidan mutane aka ƙi mayar da ita. Yaya ne da kansa ya tashi ya ɗauko takalmanta. Ya durƙusa ya sa mata ɗaya bayan ɗaya, ta ce masa Allah ya saka da alheri, ya raya masa zuri'a.

Ya raka mu har mota. Yayyafi ya fara, muna jin saukarsa a kan sabon kwanon. Bai ɗaga mana hannu ba, yana nan tsaye a ƙofar gida cikin fararen kayansa har muka sha kwana.

Mun yi nisa, maigidana na tuƙi, sai Mama ta juyo daga taga. Ta dube ni sosai, irin kallon da ta daɗe ba ta yi min ba.

"Auta," ta ce, "an gama rufin?"

Na riƙe hannunta, na kalli titi.

"Tukuna, Mama. Sai katakon ya bushe."